Ruwan Ilyasu a Ƙasar Tafkuna

Mijina Ilyasu direban wayit ne, motar nan mai tanki da ke kai wa gidaje ruwa a Jidda. Aikin da na same shi yana yi ke nan lokacin da aka kawo ni daga ƙauyenmu na arewacin Damagaram, kuma shi yake yi har ƙafafunsa suka fara kumbura. Yakan fita bin layin ɗibar ruwa tun rana ba ta yi zafi ba, ya dawo ɗakinmu na unguwar Hindawiyya rigarsa a jiƙe, rabi gumi rabi ruwan tiyo. In na ce ya canza, sai ya ce, "Hauwa, bar ni. A garin nan ni kaɗai ke wanka kyauta."

Ciwon ƙoda ne ya tafi da shi. A ƙarshe likitoci suka ce kada a ba shi ruwa sai ɗan abin da za a jiƙa masa leɓe, domin jikinsa ya daina fitar da shi. Ni ce nake zaune a gefensa da auduga da ɗan kofi. Bai taɓa roƙona da baki ba, kofin kawai yake kallo. Na bi abin da aka ce, kuma da za a sake, haka zan sake yi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana shayar da unguwannin Jidda, da ƙishi ya bar duniya, a gabana.

Da na fita takaba na ɗauki alkawari tsakanina da Ubangiji: kowace Juma'a sai wani mai ƙishi ya sha ruwa daga hannuna har ya ƙoshi, ladan ya kai kabarin Ilyasu. A Jidda wannan ba abu ne mai wuya ba. Juma'a ce ranar hutuna. Nakan cika kula da ruwa da ƙanƙara, in ja ta zuwa bakin lungunmu bayan an sauko daga masallaci. Masu shara 'yan Bangaladash, 'yan dako, samarin da ke kai saƙon abinci a babur, kafin in gyara zama sun shanye. Wani ya ce Allah ya jiƙan mai shi, wani ba ya cewa komai. Ni ba maganarsu nake jira ba, maƙogwaronsu nake kallo. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni kaina ban ƙara shan ruwa na ƙoshi ba. Da na kurɓa sai wuyana ya rufe, in ajiye kofin. Shayi ne yake riƙe da ni.

Gidan da nake aiki na wata tsohuwa ce, Ummu Hani, muna ce mata Mama. Ita ce kafilata, wato mai tsaya mini, sunanta ne a iƙamata, takardar zamana a ƙasar. Gwiwoyinta sun gaji, a keke ake tura ta, amma harshenta lafiya lau yake. Ɗanta Dakta Hani yana ƙarin karatun likita a Suwidin. Dada yake ce mini, domin ni na goye shi. Da zafin bara ya shigo, ya ce lallai a kawo masa uwarsa ta huta, Mama kuma ta ce ƙafarta ƙafata. Kafin mu tashi na bar wa maƙwabciyata Zainabu, Bahaushiyar Sudan, kular da kofunan.

Ta ce, "Je ki abinki, 'yar uwa. Ruwa ruwa ne, ko wa ya miƙa."

Na yi mata godiya. Amma ni da hannuna na ce, kuma na san a tafiyar nan Juma'a za ta same ni a can.

Ba zan tsaya kan takardu da jirgi ba. Birnin da Dakta yake ma ba ni da abin faɗa a kansa, sai shiru. Ba kiran salla, ba hon, ba mai kiran wani daga taga. In na gaida mutum a matakala sai ya ɗan motsa baki ya kawar da kai, kamar na tambaye shi wani abin kunya. Rana kuma ba ta son faɗuwa. Waya ce ke gaya mana lokacin salla, Mama tana yi mata gardama. Na yi kewar Hindawiyya, na yi kewar hayaƙin masu tsire da faɗan maƙwabta a kan wurin shanya.

Da Dakta ya sami hutu, ya ɗauko hayar mota ya ce zai kai mu ƙasar tafkuna. Ba mu jima a babban titi ba ya kauce, ya shiga wata siririyar hanya cikin itatuwa. Can gaba kwalta ma ta ƙare, muka hau tsakuwa.

Mama ta ce, "Ya waladi, an yi titi mai kyau ka bar shi, ka kawo mu hanyar awaki?"

Ya ce, "Ummi, a babban titi bayan manyan motoci kawai za ki gani."

"To nan me nake gani? Itace. Bayan itacen, wani itacen."

Tana rufe baki itatuwan suka buɗe, sai ga ruwa. Na ɗauka teku ne. Na tambayi Dakta ko na gishiri ne irin namu, ya tsayar da mota ya ce in je in taɓa. Na gangara, na tsoma yatsa na ɗora a harshe. Ruwan daɗi ne, mai sanyi, ana ganin duwatsun ƙasansa. Na duba hagu na duba dama. Babu katanga, babu mai gadi, babu layin motoci. Da Ilyasu yana nan, da ya tsaya riƙe da ƙugu yana lissafin wayit nawa za a cika a wurin har a gaji a bar shi. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na dawo mota na ce wa Mama na daɗi ne.

Ta ce, "Subhanallah. Duk wannan, ba mai saye?"

Daga nan tafki yake miƙa mu ga tafki. Hanyar takan hau tudu ta sauka, ta ratsa gonar da aka naɗe ciyawarta dunƙule-dunƙule, ta wuce jajayen gidajen katako masu fararen tagogi, ta sake komawa bakin ruwa. A wani wuri hanyar ta ƙare ɗungurungum a gaɓa. Wani faffaɗan jirgi ya zo, muka shiga da motarmu, ya haye da mu ba a karɓi komai ba. Mama ta riƙe jakarta a buɗe har muka sauka, tana cewa tabbas a gaba za su tare mu.

Ban ce babu wahala ba. Ɗaga Mama daga mota zuwa keke, daga keke zuwa mota, a kowane wurin da Dakta ya ga ya yi kyau, ya gama da bayana. Keken ba ya tafiya a tsakuwa sai da ja. Sauron wurin ya fi na Jidda girma da rashin kunya. Abincinsu kifi mai sanyi mai zaƙi, da burodin da ya yi taurin faranti. Da safe sanyi ya shiga ƙashi, da rana kuma a wannan makon zafi ya sauko, har Dakta ya ce su kansu 'yan ƙasar suna kuka da shi. Mu dai muka dubi juna da Mama. Duk da haka, tun rasuwar Ilyasu ban sami kwanakin da ƙirjina ya yi sauƙi kamar waɗannan ba.

A nan na fara ganin abin da Dakta ya kira hawis da Larabci. Tafkunan ba tsayinsu ɗaya ba, wani yana kan tudu wani yana ƙasa. Mutanen zamanin da ne suka haƙa korama tsakaninsu, suka gina ta da dutse. A inda tudun yake sai suka yi wani dogon ɗaki marar rufi, mai zurfi, da ƙofa gaba da baya. Jirgi yakan shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama. Ruwan yana cika ɗakin, jirgin yana tasowa a hankali, har ya yi daidai da tafkin sama, sai a buɗe ƙofar gaba ya wuce. In tudun babba ne sai a jera ɗakunan kamar matakala. Waɗanda ke cikin jirgin kuwa dole su riƙe igiyoyin da ke jikin bango, in ba haka ba ruwan ya buga su da dutse.

Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Jirgi yana hawa bene, ni na kasa."

Ranar Alhamis muka sauka a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna, sunanta Birgita. Tana da wani ƙaton kare da na roƙi Dakta a ɗaure, ta ɗaure shi ba tare da ta ɓata rai ba. Da yamma na ce zan ɗan taka. Na je shagon ƙauyen ni kaɗai, na nuna ɗaurin gorunan ruwa da yatsa, na biya, na ɗauko a ka. Mutane suna kallona, a karo na farko a ƙasar. Na ɓoye su a ƙarƙashin gado kamar kayan sata.

Da safe na buɗe ɗaya in tabbatar. Sai ta yi tsaki ta tofo mini kumfa a fuska. Na ɗanɗana, ya cije mini harshe. Ruwa mai gas ne, duk ɗaurin. Raina ya ɓaci, na ce mai shagon ya ga baƙuwa ya cuce ni. Mama ta yi dariya har tari ya kama ta.

Dakta ya ce, "Dada, ba cuta ba ce. Su nan ruwan gora irin wannan ne. Na sha kuwa a famfo yake, ba mai sayensa. Me za ki yi da su haka da yawa?"

Mama ta goge idonta ta ce, "Yau Juma'a, ya Hani. Ruwan Ilyasu."

Ya daina dariya. Ya ce shi zai shanye masu gas ɗin a hanya, ba za a zubar ba. Sannan ya fita ya yi magana da Birgita. Ban san iyakar abin da ya gaya mata ba. Ta zo ta yafito ni, ta kai ni bayan gida inda wani tsohon famfon hannu yake a kan rijiya. Ta ɗauko wani babban fulas na ƙarfe mai murfin kofi, ta zuba ƙanƙara, ta nuna mini in buga da kaina. Na buga, ruwan ya fito da sanyin da ke sa haƙori zafi. Ta rufe fulas ɗin ta rungumo mini shi a ƙirji, ta yi alama da hannu cewa nawa ne.

Wajen azahar muka isa wani babban hawis mai ɗakuna a jere. Mutane sun cika wurin, masu shan ƙanƙara mai zaƙi, masu ɗaukar hoto, masu jiran jirginsu ya hau. Babu masallaci a kusa, Dakta ya ja mu salla a kan ciyawa. Da muka idar na tura Mama inuwa, na ɗauki fulas na yi bisimilla.

Na fara da wani mutum da ke zaune a benci, fuskarsa ta yi ja. Na zuba na miƙa masa. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya ɗaga gorarsa ya nuna mini, ya yi murmushi. Na je wurin wata mata mai tura jariri, ita ma ta nuna tata. Wasu 'yan mata masu kekuna suka girgiza kai tun ban ƙaraso ba. Kowa da gorarsa, a jaka ko a ƙugu, ga kuma famfo a tsaye a gefen hanya wanda ya ga dama ya cika. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci. Wata dattijuwa ma ta buɗe jakarta za ta ba ni kuɗi, ta ɗauka sayarwa nake yi ko bara. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na mayar da ruwan kofin cikin fulas na koma inuwa.

Mama ta ce, "Ba ni in sha, halas, a wuce wurin. Ni ba mutum ba ce?"

Na ce, "Mama, yanzu kika gama shan shayi. Ba ƙishi kike ji ba."

"Ke kike shiga maƙogwarona? Ya binti, dubi inda muke. Ruwa a ƙarƙashinsu, ruwa a gefensu, gobe ya sauko musu daga sama. Zainabu tana can tana raba naki. Allah ya san niyya."

"Ya sani, Mama."

"To?"

"Ni ce nake son in gani."

Ta gyara mayafinta, ta ce wa Dakta yalla, mu tafi, wurin nan ya cika hayaniya.

Muka ci gaba da bin korama ta ƙananan hanyoyi. Fulas yana kan cinyata, ina jin ƙanƙarar tana raguwa, ƙararta tana canzawa. Na sa ido a kan hanya ko zan ga mai aikin titi, ko mai shara, ko wani mai ɗaukar kaya. A Jidda da tuni na ga goma. Nan sai shanu a cikin ciyawa, su ma da kwaminsu cike. Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali, ranar ƙasar doguwa ce. Na ce a raina Allah ya tsawaita mini Juma'ar, saura ya turo mai sha.

Bayan la'asar Dakta ya ce akwai wani ɗan ƙaramin hawis a cikin daji, shi ne na ƙarshe, daga nan sai babban titi zuwa birni. Muka tsaya. Ɗaki ɗaya ne, sai wata 'yar rumfar katako, sai wata budurwa mai kula da ƙofofin. Babu 'yan kallo. Dakta ya ajiye mu a bakin ginin, ya koma wajen mota inda waya ke kamawa don ya amsa kiran asibiti.

Na lura budurwar ba ta cikin natsuwa. Tana danna wani akwati a jikin ƙofar sama, tana magana a waya, tana sake dannawa. Ruwa bai sauko ba. Na tura keken Mama kusa, na leƙa.

Can ƙasa, a gindin bangon dutse, akwai wani ɗan siririn kwalekwale da tsofaffi biyu, miji da mata. An rufe ƙofa a bayansu, ta gaba kuma ta ƙi sakin ruwa. Da alama sun jima a haka. Rana ta faɗo cikin ɗakin kai tsaye, iska ba ta shiga. Akwai tsanin ƙarfe a bango, amma ya yi gansakuka, kuma kwalekwalen irin wanda in ɗaya ya miƙe sai ya kife ne. Ruwan da suke kai ba irin na tafki ba ne, ya yi duhu, man injin jiragen da suka wuce yana yawo a samansa. Mijin yana riƙe da igiyar bango da hannu biyu don kada su juya. Matar ta ɗaga wata jarkar roba tana girgizawa, tana kiran budurwar. Babu komai a ciki. Budurwar ta ɗaga mata hannu alamar ta jira, ta ruga wajen rumfa da waya a kunne.

Sai mijin ya ɗago kai. Gemunsa fari ne, fuskarsa ba ta yi kama da ta kowa nawa ba. Amma leɓensa na sani. Sun bushe sun yi fari a gefe, yana fito da harshe yana lasa, babu abin lasa. Wannan bakin na zauna a gabansa da auduga.

Na ce, "Mama."

Ta ce, "Na gani. Me kike jira?"

Akwai igiya a naɗe a kan wani turken ƙarfe. Na juye magungunan Mama daga jakarsu ta yadi a cinyarta, na sa fulas a cikin jakar, na ɗaure bakinta da ɗaurin da muke yi wa guga. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya tuna. Rijiyar ƙauyenmu tana da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, kuma tun ina yarinya na san yadda ake zura guga ba tare da ya bugi bango ba. Na durƙusa a bakin dutsen, na miƙa hannu waje, na riƙa saki kaɗan-kaɗan. Duk yarintata daga rijiya nake jawo ruwa. Ran nan rijiyar na zura wa.

Matar ta ga jakar tana saukowa, ta dubi sama. Ba ta san mene ne ba. Mama ta leƙa daga kekenta ta daka mata tsawa da Larabci, "Moya! Moya, ya hurma, karɓi!" wato ruwa ne, ta karɓa, kamar tana yi wa 'yar aiki faɗa. Matar ta miƙa hannu ta cafke. Ta buɗe, ta ji sanyin ƙarfen, ta yi wata ƙara.

Ta zuba a murfin. Mijin ba shi da hannun karɓa, in ya saki igiya kwalekwalen zai juya. Sai ta matso a kan gwiwoyinta a hankali, ta tallafi ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta kai masa kofin baki da ɗayan. Tana ta maimaita masa wata 'yar kalma. Ban san yarensu ba, amma na san abin da take cewa.

Ya sha. Daga inda nake ina ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ruwa ya zubo ta gefen bakinsa ya bi gemu. Kofin ya ƙare, ta sake cikawa. Ya sha. Ta sake cikawa. Ba wanda ya ce ya isa. Ba wanda ya riƙe mata hannu. Sai da shi da kansa ya kawar da kai, ya sauke wani dogon numfashi, ya jingina goshinsa da kafaɗarta. Sannan ita ma ta sha.

Na ce a hankali, "Allah ka kai wa Ilyasu." Na zauna a ƙasa a gefen keken. Na ji hannun Mama a kaina.

Budurwar ta dawo da gudu da kofin ruwa a hannu da wani dogon ƙarfe, ta tarar an riga ta. Ta sa ƙarfen a jikin ƙofar ta riƙa juyawa da ƙarfinta, Dakta ya iso ya kama mata. Ruwa ya fara shigowa yana tafasa daga ƙasa. Tsofaffin suka riƙa tasowa a hankali, bangon yana gajarta, har kawunansu suka zo daidai da ƙafafunmu, har muka ga idon juna sosai. Dakta ya durƙusa ya kama hannun mijin, ya yi masa tambayoyi, ya ce babu komai, zafi ne da gajiya, ya huta a inuwa. Wai tun safe suke tuƙi, ruwansu ya ƙare a tsakiyar korama, suka ce sa cika a famfon da ke sama.

Matar ta yi wa Dakta magana tana nuna ni.

Ya ce, "Dada, tana tambaya yaya aka yi kike yawo da ruwan ƙanƙara a daji. In gaya mata?"

Na ce, "Gaya mata kaɗan."

Ya yi magana, ba mai tsawo ba. Na ga fuskar matar ta canza. Mijin ya saki igiya, ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji, ya yi wata tambaya.

"Sunansa yake tambaya."

Na ce, "Ilyasu."

Tsohon ya maimaita. Bai faɗe shi daidai ba, ya sake, har ya kusa. Sunan mijina ya fita a kan ruwan nan da bai taɓa gani ba. Matar ta miƙo mini fulas, ta haɗa da hannuna ta riƙe. Tafinta duk kanta ne saboda tuƙi. Muka dubi juna, ni da ita, babu abin da za a fassara. Aka buɗe ƙofar gaba, suka tuƙa zuwa inuwar wata bishiya a gaɓa.

Na girgiza fulas, da saura. Na juya zan sa shi a jaka, Mama ta ce, "Kawo."

Na miƙa mata, na ɗauka yanzu kam ƙishin take ji. Ta zuba a murfin har ya cika, sannan ta miƙo mini.

"Sha."

"Mama, ba na jin..."

"Kina tsammani makauniya ce ni? Gwiwa ce ta mutu, ba ido ba. Tun da mijinki ya rasu nake ganin kofunan da kike ajiyewa a kicin da ruwa a ciki. Ya sha, ya Hawwa. Kin gani da idonki. Yalla, sha."

Na karɓa. Na kurɓa, na jira wuyana ya rufe. Bai rufe ba. Ruwan rijiyar Birgita ne, ƙanƙarar ta narke amma sanyin yana nan, da ɗan ɗanɗanon ƙarfe. Na ji shi yana sauka har ciki. Na shanye, na miƙa mata kofin, ta sake cikawa.

Ta ce wa ɗanta, "Dubi, za ta shanye musu tafki, su hana mu fita ƙasar."

A hanyar komawa Dakta bai hau babban titi ba sai da ya zama dole. Rana tana ta jinkiri a kan ruwa, Mama ta yi barci da baki buɗe, ni kuma ina rungume da fulas ɗin da babu komai a ciki.

Da muka dawo Jidda zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi, na ji daɗinsa kamar gaisuwa. Zainabu ta dawo mini da kula a wanke, ta ce ba Juma'ar da ta tsallake. Ta zauna a bakin gadona ta ce in ba ta labarin Turai. Na gaya mata tafkuna, da jirgin da ke hawa bene, da ruwan da ya yi mini tsaki.

Ta ce, "To a can wa kika samu ya sha? Na ji an ce su ko gumi ba sa yi."

Na ce, "Mutum ɗaya. Matarsa ce ta ba shi."

Ta dube ni, ba ta gane ba, ban kuma ƙara ba.

Fulas ɗin yana nan a kan akwatina. Har yanzu kowace Juma'a ina jan kula zuwa bakin lungu, masu shara da 'yan babur suna shanyewa kafin in gyara zama. Sai dai yanzu nakan karkata kular in tsiyaye na ƙarshe a kofi. In kowa ya watse, sai in zauna a kan dakali, in yi bisimilla, in sha har in ƙoshi.